Faifan da Baba Ya Ajiye wa Babarbare

Daga Allah muke, kuma gare shi ake komawa. Surukina, mahaifin mai ɗakina, wanda bakina bai taɓa kiran sa da wani suna ba sai Baba, ya rasu a tsakiyar damina, a shekarun nan da kowa ya buɗe baki sai zancen mulkin kai. Ciwo bai ja shi ba. Ya dawo daga gonar shinkafarsa ta fadama da zazzaɓi, ya kwanta, kafin Juma'a ta zagayo muka kai shi makwancinsa, muka dawo ƙafafunmu duk taɓo.

Makoki ya yi jama'a. Da yake ni suruki ne, wurina bakin ƙofar zaure, ina miƙa buta ina raba goro, don haka ba abin da aka faɗa da bai shiga kunnena ba. Liman ya ce bai taɓa waiwayawa da asuba ya rasa shi a sahu ba. Direbobin motar gyaɗa suka ce tsakanin Haɗeja da Malam Madori babu ramin da bai san halinsa ba. Tsofaffin sojan da suka je yaƙin Bama tare da shi sun jeru a jikin bango suna kallon ƙasa. Daga cikin gida kuma ana jiyo mata masu kifi suna gaya wa Inna, matarsa, yadda yakan tsaya ya kwashe su da kwandunansu in ya iske su a rana, bai damu da ƙarnin da za su bar masa a mota ba.

"Mutumin kirki ne, ba shakka," in ji wani dattijo mai awon shinkafa. Sai ya rage murya, ya nuna kusurwar zaure da leɓe. "Sai dai abin can."

Abin can garmaho ne, akwatin nan mai juya faifan kiɗa. Yana nan inda Baba ya bar shi, a kan wani tsohon turmi da aka kife, lulluɓe da bargon soja. Duk cikar zauren ba wanda ya yarda ya zauna kusa da shi.

"Allah ya yafe masa," wani ya karɓa. "Da ma a ce kiɗan mutane ne, da sauƙi. Wannan kuwa ba kai ba gindi, sai ka ce an saki awaki a rumfar maƙera."

Aka yi 'yar dariyar nan ta cikin makoki, aka shafa fatiha. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma suruki ba ya ɗaga murya a zauren surukinsa, ko da mai zauren yana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da sana'ata ɗinki. Na ga alamar in na yi shiru, abin da za a riƙe game da Baba shi ne direba ne mai kirki da Allah ya jarrabe shi da akwatin hayaniya. Ga kuma wani abu da ni kaɗai na sani a zauren. A ƙarƙashin bargon nan akwai faifai guda da aka naɗe daban cikin tsohon kallabi, ya kusa cinyewa, Baba ya hana kunnensa jin sa don ya ajiye wa mutum ɗaya. Mutumin ba ya cikin masu ta'aziyya, ni kuwa duk wanda ya yi sallama sai na ɗaga kai.

Baba direba ne tun kafin yaƙi, da tuƙin aka ɗauke shi soja. Yakan ce a can ƙasar Indiya, a wata hanya mai laka har gindin mota, ya haɗu da sojan Amurka baƙaƙen fata, su ma direbobi.

"Na ga mutum baƙi wuluk, hancinsa irin na mutanen Guri," in ji shi, "na yi masa sallama da Hausa. Ya yi ta dariya, ya kama hannuna ya ja ni tantinsu. A nan na fara jin abin. Suka ce sunansa jaz. Ban san lokacin da shayina ya huce ba."

Da aka sallame su, kowa ya dawo da abin da zai nuna: wani keke, wani agogo, wani akwatin tufafi. Shi Baba ya ba wani daga cikin mutanen nan wuƙarsa mai kube na jan fata da ya tafi da ita daga gida, aka ba shi garmaho da tarin fayafai. A cinyarsa ya riƙe su tun daga jirgin ruwa har jirgin ƙasa. Inna ta ce ranar da ya sauka, ta ga yadda yake tafiya da akwatin a hankali, ta ɗauka tangaran ya kawo mata.

Bai iya karanta rubutun da ke jikin fayafan sosai ba, bai kuma damu ba, don shi ya raɗa wa makaɗan sunaye da kansa. Akwai Gurgu, wani mai ganga da kiɗansa ke ɗingishi amma bai taɓa faɗuwa ba. Akwai Bazawara, wata mai waƙa da Baba ya ce ko ba ka jin yaren ka san ta ga duniya. Sai kuma Makararre, wanda ya fi kowa a wurinsa. Shi mai busa ƙahon tagulla ne. Ganga za ta fara, ƙaton molonsu ya bi, piyano ya shiga, a yi ta tafiya har ka fid da rai, sannan ya shigo a sanyaye kamar wanda ya zo ɗaurin aure bayan an shafa. A tsakiyar faifan yakan hau sama, ya hau, ya hau, sai ya tsaya cak. Shiru. Can kuma ya dawo ƙasa-ƙasa ya ƙarasa.

Ranar sauraro Juma'a ce, bayan la'asar, kuma Baba yana da doka: ba a sa faifai don mutum ɗaya.

"Kowace sawa tana rage shi," yakan ce. "Abin da ke ƙarewa, kuma babu irinsa ko a kantunan Kano, ba na zuba shi a kunnena ni kaɗai. Tuwo ma da abokin ci ya fi shiga."

Abokan cin nasa ba su da yawa. Akwai wani akawun tashar jirgi, mutumin bakin teku, da yakan biyo motar Baba daga Malam Madori in ya sami hutu. Akwai ni, da na shigo ta hanyar aure daga Kaugama. Sai babban amininsa, wani Babarbare mai busa wa hakimi algaita. Baba Bafillace ne, kowa kuwa ya san abin da ke tsakanin Fulani da Barebari: wasa ne na gado, a zagi juna a raba goro. Tun daga ƙofar gida ake jin zuwansa.

"Fulata! Buɗe akwatin kukan nan naka mu ji yadda 'yan'uwanka ke neman saniyar da ta ɓata."

"Zauna, bawana, ka karkaɗe ƙafarka. Yau za ka ji busa, ba kumburin kumatu ba."

Ni a wurin kamar babu ni. Ba don ba na jin daɗin kiɗan ba, Allah ya sani ya shige ni tun ranar farko. Surukuta ce ta ɗaure mini harshe. Wata rana bayan faifan Gurgu ya ƙare, Baba ya juyo ya ce, "Tela, me ka ji?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Yadda kuka ce, Baba."

"Ban ce komai ba tukuna!"

Babarbare ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya girgiza kai ya ce kunnena na da kyau amma bakina na surukai ne, shi kuwa sauraro ba gardama lami ne. Daga nan aka bar mini wana garmaho, su kuma suka riƙe gardama.

Gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba ita ce ta shirun Makararre. Mai algaita alfaharinsa ke nan: yana shan iska ta hanci yana fitar da ita ta baki, kumatu a kumbure, sauti ba ya yankewa ko da za a yi tafiyar yini. Don haka duk lokacin da Makararre ya tsaya, sai Babarbare ya buga cinya.

"Ka ji ko? Iska ta ƙare masa! A kawo mini shi in koya masa numfashi, kyauta, don darajarka."

"Ba iska ba ce."

"To mece ce?"

Nan Baba yakan ce, "Ban sani ba. Amma ba iska ba ce."

Shekara da shekaru suna wannan, ba wanda ya gaji, ba wanda ya sauka.

Akwai wani littafi da ya zo tare da fayafan, ba bango, ya sha hannu, cike da hotunan makaɗan. Akawu ne ke karanta musu shi yana mayarwa da Hausarsa ta tasha. A nan muka ji cewa kakannin mutanen nan daga ɓangarenmu aka kwashe su a zamanin bauta, aka haye da su teku. Ranar ba a yi wasa ba. Babarbare ya karɓi littafin ya daɗe a kan hoton wani mai ƙaho, sannan ya ce, "Wannan goshin na gidanmu ne. Wa ya sani ko kakarsa a bakin Cadi aka ɗauke ta tana ɗebo ruwa." Baba bai tsokane shi ba, ya dai sa a sake wana garmaho.

Inna ba ta taɓa son abin ba, kuma tana da hujja. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwarmu da rana tsaka, kowa na ta kwasar hatsi da tukwane, sai ga Baba ya fito da akwatin fayafai a ka, ruwa har ƙirji, yana taka ƙasa a hankali, buhun gero kuwa na ɗaki yana shan ruwa.

"Malam," ta ɗaga murya daga kan tudu, "in yunwa ta zo sai ka dafa mana Makararre!"

Ya koma ya ɗauko geron, rabinsa ya jiƙe. Ta yi kwanaki ba ta ba shi fuska ba. Amma da takardar da ake sa faifan Makararre a ciki ta yage, ita ce ta cire tsohon kallabinta ta jefa masa a cinya.

Akawu ne ya kawo zancen allura. Garmaho da allurar ƙarfe yake aiki, ana sayen ta a ɗan gwangwani, kuma tana fid da sauti da ƙarfi har maƙwabta su ji. Wata Juma'a ya ɗaga faifan Makararre a haske ya nuna wa Baba yadda layukansa suka fara yin toka. Ya ce ƙarfen ne ke cin sa. Ya ce ya ji a wasu wurare ana sa ƙaya maimakon ƙarfe, ita ce ke cinyewa, faifai ya huta.

Baba bai yi barci a kan maganar ba. Ya gwada ta bagaruwa, ta karye. Ya gwada farar ƙaya, ta lanƙwashe. Ya tsaya a kan ta aduwa. Yakan tafi da kansa bayan gari ya zaɓo waɗanda suka ƙosa, ya shanya su a inuwa, ba a rana ba, ya goga bakinsu a kan dutsen wasa wuƙa har sai ya gwada a bayan hannunsa ya ji ta kama fata. Ƙaya ɗaya fuskar faifai ɗaya take yi, sai a sake fiƙe ta. Sautin ya fito da taushi, amma ya yi ƙasa ƙwarai, sai an matso an yi tsit. Maƙwabta suka yi hamdala. Baba ya rufe gwangwanin allurar ƙarfe ya tura shi can ƙasan akwati. Ba a daɗe ba aka ɗauke akawu zuwa wata tasha mai nisa, ba mu sake jin labarinsa ba.

Daga lokacin Babarbare ya fara sanyi. Yana zuwa, yana zolayarsa a ƙofa kamar kullum, amma da an sa faifai sai ya zauna kurum yana kallon yadda yake juyawa. Makararre zai tsaya, Baba ya kalli Babarbare yana jiran bugun cinya, shiru. Sau ɗaya ya ce, "Fulata, sa mana ta ƙarfen mana, yau kaɗai."

"So kake ka cinye mini faifai? Barebari da haɗama!"

Bai sake roƙo ba.

Ranar da abin ya faru ina wurin. An sa Makararre, bai ma kai wurin tsayawarsa ba, sai Babarbare ya ce da ƙarfi, fuska ba walwala, "Mai busan da ke tsayawa shan iska ba mai busa ba ne. Na gaji da wannan." Baba ya ji haushin an yi magana kiɗa na tafiya, abin da ba a yi a zaurensa. Ya ce, a ƙasan maƙoshi, "Shi don ransa yake busa. Kai don rigar hakimi."

Babarbare ya kalli bakin Baba, ya kalle ni. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya fita, ko sai an jima bai ce ba.

Juma'a ta zo bai zo ba. Baba ya hango shi a kasuwar kifi, ya bi bayansa ya yi sallama, ya sake yi, mutumin bai waiwayo ba. Ba a jima ba muka ji ya bar wa ɗansa algaita ya koma wani ƙauye bayan Guri, inda ruwa ke yanke hanya rabin shekara. Mutane suka ce ya tuba da kiɗa. Baba ya aika masa da goro ta hannun masunta, amsar da ta dawo ita ce yana gaishe shi da kyau. Kowa ya yi mamaki, don ba a taɓa jin Babarbare ya yi fushi da maganar Bafillace ba. Baba shi bai yi mamaki ba.

"Akwai wasa, akwai cin fuska," ya ce da ni. "Na taɓa masa abincinsa. Bakina ne ya kore shi."

Na so in ce ya hau kwale-kwale ya je da kansa. Na san Inna ta faɗa masa haka, ya ce sai ruwa ya janye, da ruwa ya janye ya ce sai an gama jigilar gyaɗa. Fulako ne kawai, kunyar nan ta Fulani. Ni dai ba hurumina ba ne.

Damina biyu aka yi a haka, kuma ban taɓa ganin kaɗaici irin nasa ba. Mutum ne mai iyali, mai jama'a, ana gaishe shi tun daga ƙofar gari har tasha, amma abin da ya fi so a duniya ba shi da wanda zai yi maganarsa da shi. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan shimfiɗa tabarma, ya ɗage bargo, ya fiƙe ƙaya, ya ajiye goro a wurin da Babarbare ke zama. Da farko yakan sa mini Gurgu ko Bazawara, ya tambaye ni, in ce haka ne Baba. Daga baya ya daina tambaya, daga baya kuma ya daina sawa. Sai mu zauna kawai, yana kallon ƙofa, ina kallon tabarma, har a kira magariba ya mayar da bargo. Makararre kuwa bai ƙara fitowa daga kallabi ba sai sau ɗaya. Ya ce abin da ya rage a cikinsa bai wuce ji ɗaya ko biyu ba, kuma da mai shi.

A cikin wannan tsakanin ne ɗanmu na fari ya rasu, bai kai yaye ba. Ɗan fari ba a nuna son sa a gaban manya, ba a kuma nuna kukan sa, balle a gidan Fulani. Na karɓi gaisuwa fuska a bushe, na koma kan keken ɗinkina, ina ta ɓata wa mutane riguna. Wata ranar Talata, ba Juma'a ba, Baba ya aiko a kira ni. Na iske shi ya rufe ƙofar zaure. Bai ambaci yaron ba, jikansa ne amma bai ambace shi ba. Ya kwance kallabi, ya ɗora Makararre, ya wana da hannunsa, sannan ya juya mini baya ya ɗauki wata ƙaya da ta riga ta fiƙu ya yi ta goga ta a dutse. Da mai ƙahon ya hau sama ya tsaya, abin da ke ƙirjina ya ɓalle. Na yi kuka kamar ba namiji ba, shi kuwa bai waiwayo ba har na share fuska. Ya naɗe faifan ya ce, "Saura na bawan nan." Wannan alherin ba zan manta da shi ba har in bi shi.

A kwanciyarsa ta ƙarshe, da na shiga gaishe shi, ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Tela, in ya zo ka sa masa." Na ce to, Baba.

Sai bayan sadakar bakwai Babarbare ya zo, zaure ya watse, ni kaɗai ina naɗe tabarmi. Ba kira daga ƙofa, ba Fulata. Ya rame, rigarsa jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa saboda kwale-kwale. Ya tsaya a bakin ƙofar cikin gida ya yi wa Inna ta'aziyya da murya mai ƙarfi, ya yi addu'a mai tsawo, ya dawo ya zauna a wurinsa na da. Na durƙusa na gaya masa saƙon Baba. Ya yi ta kallon bakina. Da na nuna bargon, sai ya gyaɗa kai.

Inna na takaba, ba za a yi mata kiɗa a gida ba. Na ɗauki garmaho a ka, ya riƙe kallabin, muka gangara bakin kogi gindin wata tsamiya inda ba kowa sai balbelu. Ruwa ya cika ya shafe gonakin shinkafa, ana hango kawunan goriba kawai. Na zaɓi mafi kyau cikin ƙayoyin da Baba ya bari, na gwada ta a bayan hannu, na wana, na ɗora. Ganga ta fara can ƙasa, cikin shuu na tsufan faifai, molo ya bi.

Babarbare ya kalli faifan yana juyawa, ya kalle ni.

"Yaro, ka sa ne, ko tukuna?"

Na ɗaga ƙayar da sauri. Ya ga fuskata, ya san na gane. Ya taɓa kunnensa.

"Algaita ta cinye su," ya ce, da ƙarfin muryar wanda ba ya jin kansa. "Tun da daɗewa suke tafiya. Lokacin ta ƙarfe ina ji, ba laifi. Ranar da ya sa ƙayar nan, akwatin ya mutu a wurina. Ina zaune ina kallon abu na juyawa, shi yana jiran in yi masa gardama."

Na kai bakina kunnensa na ce, "Me ya hana ku gaya masa?"

"Mai busa ya ce ba ya ji? Kafin dare labari ya kai gidan hakimi. Kuma wa zan gaya wa, Fulata? Ya yi mini dariya har lahira." Ya yi murmushi, murmushin bai zauna ba. "Na ce bari in ɓuya sai kunya ta sake ni. Ba ta sake ni ba sai da aka ce ya tafi."

Na sake ɗaga murya na ce Baba ya rayu yana ganin maganar da ya faɗa masa ranar ce ta kore shi.

"Wace magana?"

Ya ce shi dai ya ga bakin Baba ya motsa, ya ga ana jiran amsa, ba shi da ita, sai ya tashi. Ya tambaye ni abin da aka ce. Ban maimaita ba. Na ce wasan Fulani ne irin na kullum.

Na dubi akwatin. Faifan na nan a kan garmaho, toka-toka, na kuma san abin da ƙarfe zai yi masa. Baba ya bi ƙaya cikin daji, ya hana kansa, duk don faifan nan ya daɗe. Amma bai ce in adana shi ba, cewa ya yi in sa masa. Na zura hannu ƙasan akwati na ɗauko gwangwanin. Wasu sun yi tsatsa, na sami guda mai haske.

Sautin ya fashe a bakin kogi har balbelu suka tashi. Babarbare ya rarrafo ya manna kunnensa na dama a bakin akwatin, ya rufe ido. Ina kallon baƙin gari na taruwa a bakin allurar, faifan na ƙarewa a idona. Da Makararre ya shigo, sai na ga yatsun tsohon na motsi a kan cinyarsa, suna toshe ramukan algaitar da babu. Ƙaho ya hau, ya hau, ya tsaya.

Ya ɗaga hannu kamar zai buga cinya. Hannun ya tsaya a sama har mai ƙahon ya dawo ƙasa-ƙasa ya ƙarasa, allura ta shiga kewaya a banza.

"Ba iska ba ce," ya ce. Ya juya damansa, inda Baba kan zauna, ya yi magana da wurin. "Fulata, ba iska ba ce. Jira yake a amsa masa."

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ja hannun riga ya rufe fuskarsa, ni kuma na juya masa baya na ɗauki ƙaya ina gogawa a jikin saiwar tsamiya, yadda na ga an yi mini.

Washegari ya koma ƙauyensa. Na gwada faifan sau ɗaya bayan arba'in, don in tabbata: babu komai a ciki sai shuu kamar ruwan sama a kan kwano. Na mayar da shi cikin kallabi. Da aka zo rabon gado ba wanda ya nemi garmahon, Inna ta ce in ɗauke shi daga idonta, sai dai in bar mata bargon. Yana shagona yanzu, kusa da keken ɗinki, da Gurgu da Bazawara da sauransu, duk da sauran rai a jikinsu. Ban sa su ba, don dokar Baba na nan, ni kaɗai ne. Yanzu da bakina ya sake, ina da abin faɗa a kan kowannensu, har da wuraren da nake ganin Baba bai yi daidai ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa ya huta. Ya haɗa shi da amininsa a inda kunne ba ya toshewa, su ƙarasa maganarsu. Ni kuwa ranar Juma'a bayan la'asar nakan bar ƙofar shago a buɗe, da ƙaya a fiƙe, da gwangwanin ƙarfe a kusa, don ban san irin kunnen da zai shigo ba.